Gyaran Amalanke da Daidaita Shi: Jagora ga Sababbin Hannu

Duk shekara idan kaka ta kama, hanyoyin da ke tsakanin gonaki da rumbuna, daga Gangara zuwa Gazawa, daga Cadawa zuwa Agye, har can ƙasar Gidan Rumji, sukan cika da amalanke ɗauke da dammunan hatsi, da harawa, da buhunan gujiya da aya. Kuma duk shekara kurakuran sababbin hannu ba sa canzawa. Za ka ga saurayi tsaye a kan kaya yana zabga wa shanu bulala cikin rairayi, ƙafa ɗaya ta amalanken tana kuka kamar an taka ɗan kwikwiyo, ɗayar ta kwanta don rashin iska. Ko ka ga jaki ya tashi sama tsakanin hannuwan amalanke yana harbin iska, saboda an jibge buhuna a baya. Hausawa sukan ce an bar jaki ana dukan taiki. A sha'anin amalanke abin ya juya: jakin ake duka, alhali laifin na taiki ne. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne, yawancin wahalar da dabba ke sha a gaban amalanke, da wadda mutum ke sha wajen lodi da sauke kaya, daga rashin daidaita amalanken take fitowa, kuma ana iya kawar da ita da hannu tun kafin a ɗaura dabbar.

Amalanke mai tayar roba bai daɗe sosai a ƙasar nan ba. Ya yaɗu ne tare da shanun huɗa, musamman a shekarun 1970 da 1980, lokacin da ma'aikatun ƙera kayan noma irin su UCOMA a Damagaram, da ACREMA a Tawa, da CDARMA a Doso suke fitar da shi a kan sanannen awo: na jaki don kaya kamar kilo 500, na shanu don tan guda. A yau masu walda na gari ne ke ƙera mafi yawa, kowa da nasa awon, wani da sabon ƙarfe, wani da aksil ɗin tsohuwar mota. Wannan ba aibi ba ne, sana'a ce ta sauko hannun ƴan gida. Sai dai babu amalanke biyu da suke daidai, babu kuma takardar da za ta gaya maka inda nauyin naka yake zaune, dole ka gano da kanka. Dabbar da ke ja kuwa ta wuce a yi wasa da ita. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna waje saboda cinikin fata ya nemi ƙarar da su, shanun huɗa kuma su ne babban jarin gidaje da yawa.

Masu nazarin aikin dabbobi sun daɗe da ƙiyasta cewa sa mai lafiya zai iya wuni yana ja matuƙar ƙarfin da ake nema a wurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa ba. Shanu biyu masu kilo 350 kowanne, ƙarfin ja na kilo 70 ke nan suke da shi idan ana son su kai yamma da sauran kuzari. Amalanken da shi da kayansa suka kai kilo 1,200, a kan kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram bai fi ƙarfin kilo 30 ko 40 yake nema ba, domin taya mai iska a ƙasa mai tauri kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin kawai take ci. Sauko da shi cikin rairayin jigawa mai laushi, abin ya haura kashi 15, wato kilo 180 zuwa sama. Ƙasarmu kuwa jigawa ce. Ke nan tun kafin a yi wani kuskure, san Gazawa ba shi da rarar ƙarfi. Duk abin da busasshen boris, wato ƴaƴan ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu, ko karkataccen lodi ya ƙara masa, daga tsokar jikinsa ake cirewa.

Kayan aikin ba su da yawa: jak, in babu shi gungume mai ƙarfi da duwatsu masu faɗi, sifana da ta dace da notin ƙafa da na tsakiya, guduma, filaya, tsohon buroshi da tsumma, kananzir na wanki, giris, sabuwar robar nan da ke rufe bayan boris don hana ƙura da ruwa shiga, ƴar ƙusa mai baki biyu da ake kulle noti da ita, igiyar da ba ta miƙewa, tsawon mita 4, famfon taya, da gwafa biyu masu ƙwari. Idan za a samu aron sikelin rataye na ƴan kasuwa, zai taimaka. Ana kuma bukatar wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, da hasken rana, da mataimaki guda.

1. A kwance dabba, a duba ƙashin amalanke

Kada a taɓa sifana alhali shanu suna cikin karkiya. Ƙuda ɗaya ya ciji sa, ya matsa taku guda, amalanke ya zame daga kan jak ya sauka a hannun mai gyara. A sauke kaya, a kai dabbobi inuwa, a tokare ƙafar da ba za a ɗaga ba gaba da baya, a ɗora sandar ja a kan gwafa. Sannan a bi mahaɗan walda ɗaya bayan ɗaya, musamman inda sandar ja ta haɗu da jiki da inda aksil ya zauna. Tsagewar ƙarfe tana nuna kanta da siririn layin tsatsa, ja kamar an zana da garin barkono. Da wannan ake farawa saboda duk awon da aka yi a kan fasasshen jiki na banza ne, kaya na hawa zai buɗe ya sauya.

2. Boris

A ɗaga ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, a saka gungume ƙarƙashin aksil don kada a dogara da jak kaɗai. A kama tayar ta sama da ta ƙasa a girgiza, sannan a juya ta da hannu a kasa kunne. Idan tana ƙwas-ƙwas, noti ya saki ko boris ya ci. Idan tana gurnani kamar dutsen niƙa, yashi ya shiga. Idan ta tsaya da an sake ta, an ɗaure ta fiye da kima ko giris ya bushe. Ƙafa mai lafiya takan yi zagaye da yawa shiru, ta tsaya a hankali. A cire murfi, a zare ƴar ƙusa, a kwance noti, a jawo ƙafar, a ajiye kayan cikin a kan tsumma mai tsabta bisa jerin da suka fito. Wanda ya ajiye boris a kan rairayi ya gama lalata aikinsa. A wanke da kananzir, a shanya, a duba ƴaƴan boris a rana. Idan suna da ƙananan ramuka kamar zanzana, ko sun yi shuɗi alamar sun taɓa ɗaukar zafi, a sake su tare da zoben da suke gudu a kansa. Sabon boris a kan tsohon zobe kwana kaɗan yake yi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne shafa giris a waje kamar ana shafa wa yaro mai. Ciki ake so ya shiga. A ɗebi giris a tafin hannu, a riƙa danna bakin boris a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a zagaye duka. Wajen ɗauri kuma, a riƙa juya ƙafar da hannu ɗaya ana ɗaure noti da ɗayan har a ji ta fara nauyi, wannan shi ke zaunar da boris a gurbinsa. Sai a sassauta kaɗan, har ƙafar ta saki ba tare da ta koma girgiza ba, a kulle da ƴar ƙusar. Sabon hannu yana ganin ƙarfin ɗauri shi ne aminci, sai ya hau sifana da ƙafa. Irin wannan ɗaurin yana matse giris ya fita, ƙarfe ya ci ƙarfe. Idan murfi ya ɓata, ko yankin robar cikin taya a ɗaura a rufe bakin, kada a bar shi a buɗe.

Wani zai ce amalanke ba mota ba ne, tafiyar sa ce, me zai cinye boris? Gaskiya ne gudu ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi biyu ne. Amalanke ba shi da sifirin, duk ramin da ya faɗa da tan guda a kansa, dukan kai tsaye yake sauka a kan ƴaƴan boris. Sannan ƙafarsa kullum cikin rairayi take, giris kuwa idan ya gauraya da yashi ya zama abin wasa wuƙa. Wani kuma zai ce giris kuɗi ne, ga baƙin mai a gareji kusan kyauta. Baƙin mai ruwa ne, yau ka zuba gobe ya tsiyaye, ya jiƙe bakin ƙafar ya kira ƙura, kuma ɗauke yake da garin ƙarfen injin da ya fito. Yana da amfaninsa a amalanke, zan zo kansa, amma ba a nan ba. Gwangwanin giris guda yana isar amalanke shekara, idan ana buɗe ƙafafun sau biyu: a ƙarshen damana da kafin ta.

3. Taya

Tayoyin biyu su zama girma ɗaya, iska ɗaya. Idan ɗaya ta fi ɗaya, amalanke zai jirkice, kaya su zame gefe, karkiya ta riƙa goge wuyan sa guda. Da yawa sun yarda cewa a cika taya ta yi tauri kamar dutse shi ne ke sa amalanke sauƙi. A kan kwalta da burji haka ne. A cikin rairayi kuwa taya mai tauri huda ƙasa take yi, ta nutse, dabba ta wuni tana hawan tudun da tayar ke tarawa a gabanta. Taya mai ɗan sassauci tana baje ciki, ta hau saman yashi. Ga tayar ƙaramar mota, abin da masu faci ke kira kilo biyu zuwa biyu da rabi ya isa hanya mai tauri, mai aikin jigawa ya rage kaɗan. Amma rage iska yana da iyaka. Idan gefen tayar ya lanƙwashe har yana neman taɓa ƙasa da kaya a kai, ƙarfen wili zai cije robar ciki a dutse na farko. Akwai kuma ƙaya. Tun da sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, ya kankama a jihar Maraɗi daga shekarun 1980, har ƙauyuka irin su Ɗan Saga a ƙasar Agye suka yi suna da shi, gonaki sun koma cike da gawo da aduwa. Alheri ne babba, sai dai reshen aduwa guda da aka sare aka yar a kan hanya yana iya cinye wa mutum ranar kasuwa. A zare ƙayar da ta maƙale a taya kowace yamma kafin ta ƙarasa shiga.

4. Zaman aksil

Abu biyu ake dubawa. Na farko, ko aksil ya miƙe daidai da sandar ja. A ɗaura igiya a ƙarshen sandar, wurin da karkiya ke zama, a ja ta zuwa tsakiyar ƙafar dama a yi alama, a kai ta tsakiyar ta hagu. Idan bambancin ya wuce faɗin yatsa, amalanken a karkace yake tafiya kamar kare, tayoyi na gogar ƙasa, sa ɗaya na aikin da ya fi na ɗan'uwansa, mai shi kuma yana zagin ɗayan da lalaci. Na biyu, ko aksil yana inda ya kamata a tsawon jiki. A ɗaga bakin sandar ja zuwa tsayin wuyan sa, amalanke ba komai a kai. Ya kamata a ji ɗan nauyi yana dannowa ƙasa, wanda hannu ɗaya zai riƙe. Idan sandar tana neman tashi da kanta, aksil ya yi gaba da yawa. Idan sai an yi nishi, ya yi baya da yawa. Wurinsa tsakiyar shimfiɗar kaya ne, ko ɗan baya da tsakiya kaɗan. Wanda aksil ɗinsa da noti aka kama shi, sai ya sassauta ya bubbuga da guduma ya sake awo. Wanda nasa walda ce, ya kai wa mai walda ya tsaya a kansa da igiyarsa. A can kuma a kiyaye abu biyu: kada a yarda a yi walda a jikin wili alhali taya na kai, zafi yana tayar da iskar ciki ta fashe, kuma ta sha kashe mutane a duniya, sannan a maƙala wayar ƙasa kusa da wurin waldar, don kada wuta ta bi ta cikin boris ta ƙona shi.

5. Karkiya da akumari

Idan an ɗaura dabba, shimfiɗar amalanke ta kwanta sosai, kada ta duƙa gaba ko ta kishingiɗa baya. Amalanken da aka ƙera don manyan shanu, idan aka ɗaura masa ƙanana sai ya duƙa, kaya su gangaro musu a wuya. Ana gyara wannan da ɗan katako tsakanin sandar ja da karkiya, ko a sauya wurin ɗaurin. Karkiya ta zama mai santsi, an goge duk wani kaifi, ta zauna gaban tozo, shanun kuma su kasance tsayi ɗaya. Jaki shi ne aka fi zalunta a nan, domin ba shi da tozo, da ƙirji yake ja. Yana bukatar ɗamarar ƙirji mai faɗi kamar tafin hannu, da akumarin da zai sauke nauyi a gefe biyu na gadon baya ba a kan ƙashin ba, da majayi a ciki wanda zai hana hannuwan amalanke tashi, da wata ɗamarar ta bayan cinyoyi wadda zai tokare amalanke da ita a gangare. Siririyar igiyar leda a ƙirjin jaki wuƙa ce mai yanka a hankali. Idan miki ya fito, a wanke da ruwan gishiri, a hutar da dabbar, a nemi ma'aikacin dabbobi, a kuma gyara abin da ya goge ta. Zuba baƙin mai ko ruwan batir a kan miki ƙara ciwo ne.

6. Lodi

Amalanke mai ƙafa biyu sikeli ne: aksil a tsakiya, kaya gaba da baya, wuyan dabba a ƙarshen hannun sikelin. Lissafin ba shi da wuya. A ce daga aksil zuwa karkiya mita 3 ne, kaya kuma buhu 10 na hatsi, kowanne tiya 40, wato tan guda. Idan tsakiyar nauyin ta wuce aksil zuwa gaba da santimita 10, kilo 33 ke sauka a karkiya. Idan ta wuce da santimita 30, abin da bai fi tsawon takalmi ba, kilo 100 ne a wuyan shanu tun daga gona har gida. Buhu ɗaya kuma da aka ajiye a wutsiya, mita guda bayan aksil, yana ɗage kilo 33 daga karkiya, wato shi kaɗai ya shafe daidaiton da aka yi. Haka ma mutumin da ya ɗare baya a hanya yana cewa a rage masa tafiya. Ga amalanken jaki, inda tazarar ba ta fi mita 2 ba, kilo 500 da suka koma baya da rabin mita suna ɗaga kilo 125, kusan nauyin jakin gaba ɗaya. Sirrin jakin nan mai lilo a sama ke nan.

Saboda haka a fara jera mafi nauyi a kan aksil, sannan ɗaya gaba, ɗaya baya, ana ɗan fifita gaba. Gwafa ɗaya ƙarƙashin sandar ja, ɗaya ƙarƙashin wutsiya, har a gama. Kafin a ɗaura dabba a ɗaga bakin sandar a ji. A ganina kilo 20 zuwa 30 ya ishi shanu biyu, jaki kuwa 10 zuwa 15. Mai sikelin rataye ya gwada sau biyu ko uku, daga nan hannunsa ya haddace. Wajen saukewa a mayar da gwafa, a fara da baya, a riƙa ɗauka nan da can. Wanda ya kwashe na gaba duka ya bar na baya, shi ke rataye dabbarsa.

Akwai tsofaffin hannu da ke cewa nauyi a wuya shi ke sa sa ya kafa kofato ya ja. Suna da rabin gaskiya, shi ya sa ba a barin karkiya wayam: idan babu abin da ke danna ta, tashi take yi ta shaƙe maƙogwaro. Amma abin da ya wuce ɗan wannan dannawar dako ne aka ɗora wa dabbar da aka ce ta ja. Sannan a tuna da tudu. Kaya masu tsayi irin su kara, harawa da dammuna, tsakiyar nauyinsu tana can sama. Idan tana mita guda bisa aksil, hawan da ke tashi mita 1 a kowace mita 10 yana mayar da ita baya da kamar santimita 10, gangare kuma ya turo ta gaba da haka. Lodin da ya zauna lafiya a gona zai iya ɗaga karkiya a gaɓar Gulbin Maraɗi wajen Tsibiri ko a hawan Gulbin Kaba. Mai bin irin wannan hanya ya rage tsayin kaya, ya ƙara fifita gaba, ya sauka ya kama shanu ta gaba a gangare, tun da yawancin amalanke ba su da birki. Masu cewa sawu biyu ɓata lokaci ne, su lissafa lokacin da ake ɓatawa idan aksil ya lanƙwashe a tsakiyar daji, a sauke, a nemi wani amalanken, a sake lodi, gobe kuma a wuni wurin mai walda.

7. Shiga ruwa da fitowa

Nan ne aikin matakan baya yake lalacewa cikin minti biyar. Mai ɗibar ruwan tubali ko na dabbobi a tafki yana son ya kusanci ruwa don ya huta da ɗaukar bokiti, sai ya kora shanu ciki har ƙafafun amalanke su nutse. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, robar bayan boris kuwa ba ta daɗewa ba ta tsage ba. Ruwan laka ya shiga, giris ya koma fari kamar kunu, kwana kaɗan tsatsa ta kama. Ƙa'idar ita ce ruwa kada ya kai cibiyar ƙafa. Idan larura ta sa ya kai, kamar tsallaka gulbi a watan Agusta, a buɗe a sake giris cikin kwana ɗaya ko biyu. Kafin a shiga, mutum ya fara takawa da sanda ya ji ƙasan. A shiga da baya, dabbobi su tsaya a busasshiyar ƙasa suna fuskantar tudu, domin fitowa ta zama ja ɗaya a miƙe. A shimfiɗa kaba ko katako inda tayoyi za su tsaya, saboda laka tana tsotse tayar da ta daɗe a wuri guda tana ƙara nauyi. Ganga mai lita 200 kilo 200 ce ban da ƙarfenta. A fara cika ta gaba, a ɗaure kowace tamau, kuma a cika su har baki, domin ganga rabi ruwanta yana kai da kawowa yana fizgar karkiya a kowane taku. Idan amalanke ya kafe, a rage kaya, a haƙe gaban tayoyi. Bulala ba ta taɓa busar da laka ba.

Haka abin yake ga masunta, na tafkin Madarumfa ko na tafkunan da ke cika da damana, idan ta kama a ɗauki kwale-kwale a amalanke. A Turai da Amurka, inda ake jan ƙananan jiragen ruwa a tirela bayan mota, ƙa'idodin nan ne dai: a bar kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi a kan ƙugiyar mota, kuma a kiyayi tsoma cibiyar ƙafa mai zafi cikin ruwan sanyi, don tana zuƙo ruwa idan ta huce. Abu na farko a gano tsakiyar nauyin kwale-kwalen: a ɗora shi kan gungume mai zagaye, a matsa gaba da baya har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba, a yi alama da fenti. Wannan alamar ce za ta zauna kamar taƙi guda gaban aksil. Tun da ya fi shimfiɗar tsawo, a tabbata hancinsa ya bar wa shanu filin juyawa. Idan dole ya koma baya, a mayar da raga da sauran kaya masu nauyi gaba su rama. A shimfiɗa katako biyu a tsaye da yankan tsohuwar taya a kansu don cikin jirgin ya zauna a kan faɗi, a kuma tanadi gora ko bututun ƙarfe biyu ko uku da zai gangara a kansu. Wajen sakawa a ruwa, a kwance shanu tun a tudu, mutane su mayar da amalanke baya da hannu, igiya a bakin sandar ja an naɗa ta a itace ana saki a hankali. A bakin ruwa a tokare ƙafafu, a saka gorar, a ɗaga sandar, jirgi ya zame da kansa. Wajen fitarwa a fara kwarfe ruwan cikinsa tas, a kishingiɗar da wutsiyar amalanke ƙarƙashin hancinsa, a ja da igiya. Haɗarin yana daidai lokacin da alamar fentin ta wuce aksil: amalanke yana kifowa gaba farat ɗaya, sandar ja ta sauko kamar taɓarya. Mutum biyu su riƙe ta da igiya daga gefe, kada kowa ya tsaya ƙarƙashinta ko ya ƙetara ta. A zare gorar, a ɗaure jirgin wuri biyu, sannan a kawo shanu.

8. Ajiya da hanya

Ga inda baƙin mai yake da amfani: a shafe katakon shimfiɗa da shi sau ɗaya a shekara, yana rage cin gara da ruɓewa. A ajiye amalanke a inuwa saboda rana tana tsattsaga roba, sandar ja a kan gwafa. Idan zai daɗe ba aiki, a ɗora aksil a kan duwatsu tayoyi su bar ƙasa, amma a bar shi yadda za a iya ɗaura shi cikin dare, domin a ƙauyuka da yawa shi ne ke kai mai naƙuda gidan likita. Mai hawa kwalta da magariba tsakanin Agye da Gazawa ya maƙala jan abu mai ƙyalli a baya, ya riƙe tocila. Direban babbar mota ba ya ganin baƙin amalanke sai ya iso kansa.

Ga iyaye da ke miƙa wa yara amalanke su kai taki gona ko su ɗebo ruwa: kafin a ɗaura dabba, a sa yaron ya ɗaga bakin sandar ja da hannunsa, kaya na kai. Idan ta gagare shi, ko ta nemi tashi da shi, a sauke a sake lodi a gabansa. Aikin boris da awon aksil kuma a yi su a farkon Satumba, kafin a fara yankan hatsi layi ya cika a wurin masu walda da masu faci.